Amsa ga wanda ke neman shaidar ya sayar da gidansa tun da daɗewa

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce ka sayar da gida fiye da shekara 10 da suka wuce, takardar ciniki ta ɓace maka wajen tashi, ga shi yanzu ana kawo maka takardar bashin harajin ƙasa da sunanka, kuma ba ka da abin da za ka nuna. Irin wannan ta taɓa samu na, don haka bari in gaya maka hanyar da na bi.

Ka kwantar da hankalinka tukuna. Cinikin gida ba ya faruwa tsakanin mutum biyu a ɗaki. Akwai dillali, akwai shaidu, akwai mai unguwa, akwai bankin da kuɗin suka bi. Kowannensu na riƙe da wani yanki na shaidarka, aikinka shi ne ka bi su ka tattaro, kuma ka hanzarta tun suna raye.

Nawa gidan a Kano yake. Na sayar, na karɓi kuɗina, na miƙa takardar mallaka, wato C of O, muka yi addu'a muka rabu. Wanda ya saya bai taɓa zuwa ya canza suna ba, ni ma ban bi ba'asi ba. Bayan ya rasu, magada suka tashi rabon gado, sai aka tarar fayil ɗin har yanzu da sunana yake, da harajin shekaru a tare a kansa. Ɗaya daga cikin 'ya'yan ma har ya fara cewa wai ya ji jingina aka ba mahaifinsu, ba sayarwa ba. Na buɗe akwatin da na ajiye kwafina, na tarar gara ta cinye rabinsa.

Wurin iyalan mamacin na fara zuwa, kai ma wurin wanda ya sayi gidanka ko iyalansa nake so ka fara. Mai saye ya fi mai sayarwa adana takarda, don shi ne zai yi asara idan ta ɓace. Ko da ya sayar wa wani, yawanci tsofaffin takardu na bin gidan hannu zuwa hannu. Ka je ka yi sallama da wanda ke ciki yanzu, ka yi masa bayani da lalama. Mutane na tsorata idan suka ga tsohon mai gida a ƙofa, suna zaton rigima ya kawo. Ni sai da na tafi da limamin unguwa kafin uwargidan ta yarda ta fito da jakar takardun mijinta. A ciki muka sami takardar ciniki da sa hannuna, har da ƙaramar takardar kafin alƙalami da na manta ma an rubuta ta.

Daga nan sai mai unguwa. Idan gidan a filin awon igiya aka gina shi, to a nan ƙarfin shaidarka yake, domin irin wannan ciniki da sa hannun mai unguwa da hatimin dagaci ake ƙulla shi, kuma da yawansu na da littafin da suke rubuta wa ya sayar, wa ya saya. Ko an yi sabon mai unguwa, ka tambayi littafin na baya. Kada ka raina dillali ma. Wanda ya ci la'ada a gida ba ya mance shi. Dillalinmu ya tsufa, ido ya yi rauni, amma ya faɗi kuɗin gidan daidai, ya kuma tuna mini da shaida na biyu da sunansa ya kwanta mini.

Banki ne ya fi ba ni wahala, amma shaidarsa ta fi kowacce yanke gardama. Doka ta wajabta wa bankuna ajiye bayanan hada-hada aƙalla shekara 5, da yawa kuma suna ajiyewa fiye da haka. Ka rubuta takarda zuwa ga manajan reshe, ka faɗi watan da shekarar da kuɗin suka shigo, ka nemi bayanan asusu na wannan lokacin da hatimi da sa hannu. Idan cinikinka ya riga 2011, ka nemo tsohuwar lambar asusunka, don a shekarar ne aka koma lamba mai alƙaluma 10, kuma da tsohuwar suka gano nawa. Idan abin zai kai kotu, ka sa lauyanka ya nemi takardar tabbaci da sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya tanada ga duk abin da aka ciro daga kwamfuta. In kuwa kuɗi hannu aka ba ka, ko cak, ka duba ko ka zuba su a asusu a ranakun, ko wannan ma yana taimakawa.

Sai ofishin ƙasa. A Kano KANGIS ne, a Kaduna KADGIS, a Abuja AGIS. Da lambar fayil ko lambar fuloti lauya zai nemi a yi bincike a kan gidan. Idan mai sayen ya yi rajistar takardar miƙa mallaka, ka huta: ka biya a ba ka kwafi mai hatimi, wanda lauyoyi ke kira CTC, kotu na karɓarsa. Amma tunda har haraji na zuwa da sunanka, alamu sun nuna ba a yi ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, a sashe na 22, ta ce mai C of O ba zai miƙa wa wani haƙƙinsa ba sai da amincewar gwamna. Muddin ba a nemi wannan amincewar ba, a littafin gwamnati kai ne mai gida, ko da wani ya shekara 20 yana kwana a ciki. Abin da ya fi damuna shi ne yawancinmu ba mu san haka ba. Muna ganin da an ƙirga kuɗi an shafa fatiha magana ta ƙare.

Za a ce maka ka je kotu ka yi takardar rantsuwa. Ka yi, amma ka sani ita kaɗai ba ta da nauyi, maganarka ce kawai aka buga wa hatimi. Amfaninta shi ne ta bayyana yadda takardarka ta ɓace, sai a haɗa ta da sauran. A kotun shari'ar Musulunci kuwa shaidu ake nema, kamar yadda aya ta 282 a Suratul Baƙara ta umarta a kafa shaida idan an yi ciniki. Shi ya sa na ce ka nemi shaidunka yau, ka sa su rubuta abin da suka gani su sa hannu a gaban lauya. Ɗaya daga cikin nawa bai cika shekara ba bayan haka Allah ya yi masa rasuwa.

Da muka haɗa komai, lauya ya rubuta sabuwar takardar miƙa mallaka da ta ambaci tsohon cinikin, na sa hannu, magada suka sa, aka shigar neman amincewar gwamna. Harajin da ya taru su suka biya, tunda su suka ci moriyar gidan, sai dai an kai ruwa rana kafin su yarda. Kai ma kada ka tsaya a samun shaida kawai, ka matsa har sunanka ya fita daga fayil. Ka duba mitar wuta da ta ruwa ma, wataƙila har yanzu sunanka ne a kansu.

Ka gaya mini, gidan mai C of O ne ko na awon igiya, kuma wanda ya saya yana raye? Da wannan zan san inda ya kamata ka fara sa ƙafa. Allah ya warware maka cikin sauƙi.