Na ƙara wa kwayil lokacin caji, sai ya ƙone. Ina kuskuren?

Tambaya: Malam, na sa wa injina mai silinda huɗu da turbo sabuwar ƙwaƙwalwa, wato na'urar da ke sarrafa injin, wadda ake saitawa da kwamfuta. Kowane fulogi da kwayil ɗinsa. Idan na taka totur sosai sai injin ya riƙa sarƙewa, shi ne na ɗaga duwel, wato lokacin cajin kwayil, daga milisakan 3 zuwa 6 (milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan). Sarƙewar ba ta daina ba, kwayil suna zafi kamar garwashi, ɗaya ma ya mutu. Nawa ya kamata in sa?

Amsa: Malam, milisakan 6 ɗin nan ne suka kashe maka kwayil, kuma da wuya in duwel ne ya jawo sarƙewar tun farko.

Duwel shi ne tsawon lokacin da ƙwaƙwalwa ke barin wutar batir ta ratsa naɗin waya na farko da ke cikin kwayil kafin ta katse ta. Katsewar ce ke haifar da tartsatsi a bakin fulogi. Wutar tana hawa ne sannu a hankali, har ƙarfen cikin kwayil ya ƙoshi da maganaɗisu. Daga nan duk abin da ka ƙara ba ya zama tartsatsi, zafi yake zama, a kwayil da kuma turanzista, wato makunnin lantarkin da ke kunna shi. Wasu kwayil masu turanzista a cikinsu ma, in aka wuce musu ƙima, sukan saki tartsatsi da kansu kafin lokaci. A injin turbo wannan na iya fasa fistin.

Yawancin kwayil na kan fulogi suna ƙoshi tsakanin milisakan 2 zuwa 4 idan batir yana kan bolt 14. Amma kowane samfuri da nasa, don haka fara da teburin kamfanin da ya ƙera shi. In babu, ka auna. Samo osiloskop, na'urar da ke zana hawa da saukar wuta a allo, da maƙalar auna amfiya, ka maƙala ta a wayar da ke kai wa kwayil wuta. Fara daga milisakan 2, kana ƙara 0.2 kana kallon allo. Za ka ga layi yana hawa kamar gangare. Inda ya karya, ko dai ya kwanta ko ya miƙe sama da sauri, nan ne iyaka. Ka tsaya ƙasa da wurin kaɗan. Galibi za ka tarar da shi tsakanin amfiya 6 zuwa 10.

Lamba ɗaya ba ta isa ba, domin saurin caji ya dogara da ƙarfin batir. Kwayil da ya ƙoshi a milisakan 3 kan bolt 14 zai nemi kusan 4.5 lokacin da kik ke jan batir zuwa bolt 10. Shi ya sa manhajar saita ƙwaƙwalwar ke da teburin duwel da ƙarfin batir. Masu barin lamba ɗaya a duk teburin su ne motarsu ke ƙin tashi da sanyin safiya, su yi ta zargin fetur.

Sai gudun injin. A zagaye 6000 cikin minti, kowane juyi milisakan 10 ne. Kai da kowane kwayil ke harbi sau ɗaya a juyi biyu, kana da milisakan 20. Mai silinda huɗu da kwayil ɗaya da distiributa, wato na'urar da ke raba wuta ga fulogi, kuwa milisakan 5 kawai gare shi, a ciki zai yi caji, ya bar wa tartsatsi milisakan 1 zuwa 2 ya ci. Wannan shi ke da ƙarancin lokaci, ba kai ba.

Duba kuma saitin siginar harbi, wato umarnin da ƙwaƙwalwa ke aika wa kwayil na kunnawa da kashewa. In an juya shi, kwayil zai zauna a kunne kusan kullum, ya narke cikin 'yan mintuna, lokacin harbin ma ya kauce. Taɓa kwayil bayan ka murɗa makulli ba tare da tada injin ba. In yana ɗumi, akwai matsala.

Ita kuwa sarƙewa, da farko ka duba bakin fulogi. Iskar da turbo ya matse tana hana tartsatsi tsallake baki mai faɗi, sai ya nemi hanya ta jikin robar da ke rufe kan fulogi. In bakin yana milimita 1.1, rage shi zuwa 0.7 ka gwada. Duba farin jikin fulogi ko akwai baƙin layi siriri, alamar wuta na zurarewa ce, sai an canza fulogi da robar tare. Sauran kwayil ukun ma sun sha zafi, kada ka amince da su sai ka gwada su bayan injin ya ɗau zafi.