Yadda za a sa duk miting ɗin ofis ya riƙa fitowa da saiti iri ɗaya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ni ce ke kula da kwamfutoci a wata ƙungiya mai zaman kanta a Kaduna, Teams muke amfani da shi kuma kowa da yadda yake haɗa nasa miting, wani ya bar ƙofa a buɗe baƙo ya faɗo mana ana tsaka da maganar kuɗi, wani ya manta bai danna rikodin ba sai an tashi a fara neman wa ya ce me. Na gaji da bin mutane ɗaya bayan ɗaya wallahi. Akwai dabara?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, akwai, kuma abin da kike nema shi ne tamfilet na miting, wato ki zauna sau ɗaya ki saita yadda kike so miting ya kasance ki sa masa suna, duk wanda zai kira miting sai ya zaɓi sunan nan daga kalandarsa saitin ya biyo shi kai tsaye.

Amma fara duba lasisinku tukuna kafin ki sha wahala, don ƙirƙirar tamfilet naku na kanku yana buƙatar Teams Premium, wani ƙarin lasisi ne da Microsoft ta fito da shi a farkon 2023 kuma kuɗinsa daban yake da na Microsoft 365 da kuke biya. In kuna da shi ki shiga Teams admin center, ki je Meetings sannan Meeting templates ki danna Add. Nan zaki ga jerin abubuwa: waye zai wuce ɗakin jira ba sai an buɗe masa ba, ko rikodin ya fara da kansa, ko mahalarta zasu iya buɗe mayik da kyamara, ko a bar hira ta rubutu, har da tambarin da ke fitowa kan abin da aka nuna ɗauke da imel ɗin mai kallo, saboda in ya ɗauki hoton allo ya watsa a WhatsApp a gane daga ina ya fita.

To ga inda mutane ke tafka kuskure. Kowane saiti a ciki za a iya kulle shi ko a bar shi a buɗe, in kin bar shi a buɗe to shawara kawai kika bayar, mai kiran miting zai iya sauyawa ya koma gidan jiya. Don haka abin da ya dame ki, ɗakin jira da rikodin, su ki kulle. Sauran ki ƙyale musu, in kika kulle komai gobe shugaban sashe zai so baƙo daga waje ya yi bayani ya kasa, ke kuma za a kira da ƙarfe tara na dare, ko ma su daina amfani da tamfilet ɗin gaba ɗaya su koma kiran bidiyo a waya wanda ya fi muni.

Teams na barin a yi har guda 50 amma dan Allah kar ki biye masa, uku sun isa ofis irin naku: na ma'aikata na mako-mako, na shugabanni inda ake maganar kuɗi da albashi, sai na baƙi da masu ba da tallafi. Ki sa musu suna a fili yadda ko sabon ma'aikaci zai gane. Da Meeting template policies zaki iya ɓoye na shugabanni kar kowa ya gan shi. Kuma in kin gama baki gan shi nan take a kalanda ba kar hankalinki ya tashi, yakan ɗauki har awa 24 kafin ya fito.

In babu kuɗin Premium, ki je Meeting policies a wuri guda, wannan kam yana cikin lasisin da kuke da shi, ki saita ɗakin jira ga kowa da kowa. Bai kai tamfilet sassauci ba amma zai rage baƙin da ba a gayyata ba. Maganar rikodin kuma, ki sanar da mutane a cikin gayyatar cewa za a naɗa, tunda muna da dokar kare bayanai ta 2023 a Najeriya kuma murya da fuskar mutum bayanansa ne.

Tambaya: Malam mu Zoom muke yi a makarantarmu, mu ma da namu?

Amsa: Akwai ɗan'uwa, naku ma ya fi sauƙi. Ka shiga Zoom ta burauza ba manhajar waya ba, ka tsara miting yadda kake so ka adana, a ƙasa zaka ga inda aka ce a ajiye shi a matsayin tamfilet, sai dai wannan naka ne kai kaɗai. Wanda kowa zai gani sai admin na asusun makarantar ya yi shi daga Account Settings, kuma a nan ne akwai ɗan alamar kwaɗo a gefen kowane saiti, in ya danna shi babu malamin da zai iya canzawa. Tun 2020 da 'yan kutse suka riƙa faɗa wa azuzuwa suna watsa batsa Zoom ta fara wajabta wa wasu asusun matakin tsaro irin su lambar sirri ko ɗakin jira, ni dai ga ɗalibai gara a haɗa duka biyun, a kuma kulle nuna allo ya zama malami ne kaɗai ke iyawa. Kuma ku daina amfani da lambar miting ta dindindin ta malami ɗaya ga kowane aji, a bar Zoom ya riƙa fitar da sabuwa.