Amsa ga 'yar uwar da aka kama ɗanta kan zargin satar waya

Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Na ga tambayarki cewa an kama yaronki mai shekara 15 a Sabon Gari bisa zargin satar waya, kina tsoron kada a kai shi gidan yari cikin manya. Allah ya kawo mafita. Na daɗe ina raka iyaye caji ofis da kotu a nan Zariya kan irin wannan, don haka bari in faɗa miki abin da na sani.

Kafin beli, kafin lauya, ki nemo shaidar shekarunsa yau ɗin nan. Takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta fi ƙarfi. In babu, katin rigakafin asibiti ko rajistar firamarensa za su taimaka, ko ki roƙi hedimasta ya rubuto wasiƙa mai hatimi. Duk gatan da doka ta yi wa yaro ya rataya ne a kan a yarda cewa yaro ne. Dokar Haƙƙin Yara ta tarayya ta 2003, da wadda Jihar Kaduna ta yi a 2018, sun ɗauki wanda bai kai 18 ba a matsayin yaro. Amma na sha ganin ɗan sanda mai bincike ya kalli tsayin yaro da ɗan gashin baki, ya rubuta 19 a takardar ƙara. Da zarar wannan lamba ta shiga fayil, majistare da ita zai yi aiki, kuma cire ta sai an sha wahala. Akwai wani yaro da na taɓa bi, ɗan aji uku na ƙaramar sakandare, dogo ne sosai. Ya yi watanni yana jiran shari'a cikin manya, alhali katin rigakafinsa na cikin akwatin kakarsa, babu wanda ya gaya musu yana da amfani.

Kada ki bari a ɗauki jawabinsa babu babba nasa a wurin. Yaro in ya tsorata komai aka ce ya sa hannu zai sa, ko da bai iya karanta Turancin da aka rubuta ba. Beli kyauta ne a doka, kuma tsarin mulki ya ce a gurfanar da wanda aka kama cikin awa 24 in akwai kotu kusa, a Zariya kuwa kotuna ba su yi mana nisa ba.

Sai sulhu, wanda a ganina shi ne mafi alheri a ƙaramin laifi irin wannan. Doka ta bai wa 'yan sanda da masu gabatar da ƙara damar kashe ƙaramar maganar yaro ba tare da shari'a ba, ta hanyar sasantawa da biyan abin da aka ɓata. Ki tafi da mai unguwarku ko limamin masallacinku da wani kawun yaron, a zauna da mai wayar. Yawanci abinsa yake so ya dawo, ba shi da sha'awar zaryar kotu. In yaron ya ɗauka, a mayar ko a biya, a rubuta a gaban Dipio, wato shugaban caji ofis ɗin. In kuma bai ɗauka ba, kada ku amsa laifi don kawai a huta.

Idan magana ta kai kotu, ki ce wa lauya ya tashi da batun shekaru tun zaman farko. Shari'ar yaro ba a bainar jama'a ake yin ta ba, ba a buga sunansa, kuma alƙali na iya damƙa shi ga iyaye ƙarƙashin kulawar jami'in walwala. Tsarewa ita ce zaɓin ƙarshe, a gidan kula da yara. Bostal da kike ji, wato gidan horar da matasa masu laifi, akwai a Kaduna da Ilori da Abekuta, na masu shekara 16 zuwa 21 ne, ana koyar da karatu da sana'a irin kafinta da ɗinki. Naki bai ma kai can ba. Dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta hana ajiye yara tare da manya, sai dai abin da ke takarda daban, abin da ke faruwa daban. Kowa ya ga yaran da aka gurfanar a Abuja a Nuwamban 2024 bayan zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agusta, wasu na faɗuwa a kotu, sai da ƙasa ta ɗauki zafi aka sake su. Abin ya tsaya mini a rai har yau.

In babu kuɗin lauya, ki je Tsangayar Shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello a Kongo, suna da sashen taimakon shari'a kyauta. Akwai kuma Hukumar Ba da Agajin Shari'a da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA a Kaduna. Ki yi hoton takardun, ainihin ya zauna a hannunki, kwafi kawai za ki miƙa. In an ba shi beli, ki tabbata kun halarci kowane zama, don rashin zuwa sau ɗaya na iya sa a soke belin.