Wani ya sayar mini da kuɗin Eco, zan iya tafiya da su Kwatano?

Tambaya: Barista, ni ɗan kasuwa ne a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, Kaduna. Wani ya ce sabon kuɗin ECOWAS, wato Eco, ya fito, na ba shi kafin alƙalami. Zan iya sayen kaya da su a Kwatano?

Amsa: Alhaji, kada ka ƙara masa ko sisi. Eco bai fito ba. A 2021 shugabannin ECOWAS suka tsayar da 2027 a matsayin lokacin ƙaddamar da shi, bayan an sha ɗagewa, kuma babu babban bankin da ya sake shi kasuwa. Duk wanda ya karɓi kuɗinka da sunan Eco damfara ya yi, laifi ne a ƙarƙashin dokar zamba cikin aminci ta 2006. Adana rasit, shaidar tura kuɗi ta banki da saƙonnin da kuka yi, ka kai ƙara ofishin EFCC na Kaduna ko wurin 'yan sanda. Kana kuma iya shigar da ƙarar neman kuɗinka a kotu. Takardun kuɗin da ya ba ka, miƙa su ga hukuma, domin in aka kama ka da su a kan iyaka, kai za a fara tuhuma da jabun kuɗi.

Abin da ake kashewa a Jamhuriyar Benin, inda Kwatano take, sefa ce. Amma sefar iri biyu ce, kuma nan 'yan kasuwarmu suke yawan ƙonewa. Ta babban bankin yammacin Afirka, BCEAO, ita ke aiki a Benin, Togo, Nijar, Mali, Burkina Faso, Senegal, Kwaddibuwa da Gini Bisau. Ta babban bankin tsakiyar Afirka, BEAC, kuwa ta Kamaru da Chadi ce da maƙwabtansu. Darajarsu ɗaya, sefa 655.957 a kan yuro guda, amma mai shago a Kwatano ba dole ne ya karɓi ta Kamaru ba, sai ka koma wurin ɗan canji ya yanke nasa. Duba sunan bankin a jikin takardar kafin ka ƙirga, kuma ka yi canji a banki ko wurin mai lasisin CBN, ka karɓi rasit.

Sai batun kan iyaka. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta wajabta wa duk mai fita ko shigowa da tsabar kuɗin da suka haura dala 10,000, ko kwatankwacinsu a sefa, ya bayyana wa kwastam. Wanda ya ɓoye, kotu na iya ƙwace kuɗin, ko ta ɗaure shi aƙalla shekara biyu, ko ta haɗa masa duka biyun. Cike fom ɗin kwastam a kan iyakar Seme, ka riƙe kwafinka har ka dawo gida.