Amsa: Me ya sa Holan ke aika wa Kanada furanni duk shekara?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ciniki ne ya sa Holan ke tura wa Kanada furannin tulip kowace shekara. A'a, godiya ce, kuma asalinta jini ne.

Jamus ta mamaye Holan a 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Sojojin Kanada na cikin waɗanda suka fi shan wuya wajen ƙwato ta, musamman a yaƙin bakin kogin Scheldt a ƙarshen 1944, inda suka yi ta kutsawa cikin taɓo da ruwa don buɗe wa jiragen ruwa hanyar tashar jiragen ruwa ta Antwerp a Beljiyam. Fiye da 7,600 daga cikinsu suka kwanta dama a yaƙin 'yantar da ƙasar. A hunturun 1944 zuwa 1945 yunwa ta kashe mutum kusan 20,000 a yammacin Holan. Har albasar tulip ɗin mutane suka riƙa ci, ka ji abin tausayi. Ranar 5 ga Mayu 1945, a garin Wageningen, Janar Foulkes na Kanada ya karɓi miƙa wuyar sojojin Jamus da ke Holan.

Ga kuma wani dalili: Gimbiya Juliana ta Holan ta yi gudun hijira a Ottawa, babban birnin Kanada, can ta haifi 'yarta Margriet a 1943. Bayan yaƙi gidan sarautar Holan ya aika wa Kanada da irin tulip 100,000.

Amma ni abin da ya fi taɓa ni ba furannin ba ne. A maƙabartar sojojin Kanada da ke Holten a Holan, duk jajibirin Kirsimeti yara 'yan makaranta ke kunna kyandir a kan kabarin kowane soja, samarin da suka rasu tun ko iyayen yaran ba a haifa ba.