Shirya ƙaramin yaro kafin a sa shi barcin tiyata

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, sannu da jinya, Allah ya ba shi lafiya. Na ga tambayarki: yaronki ɗan shekara biyu da 'yan watanni yana da ƙaba a matsematsi, an ba ku rana mako mai zuwa, likita ya ce sai an sa shi barci gaba ɗaya, surukarki kuma ta ce ita ba ta yarda da allurar barci ba don yara ba sa tashi. Kina so ki san yadda za ki shirya shi. Ni ba ma'aikaciyar asibiti ba ce, uwa ce kamarki. An yi wa nawa yaron irin wannan aikin yana kusan shekarun naki, na kuma yi jinyar 'yar ƙanwata mai sikila lokacin da aka yi mata tiyata, don haka na sha zaman ɗakin yara, na ga abubuwa.

Ki fara kwantar da hankalinki game da maganin kansa. Akwai mutum guda a ɗakin tiyata wanda ba ya taɓa wuƙa, aikinsa kawai ya zauna a wajen kan yaron yana lura da numfashinsa da bugun zuciyarsa da yawan iskar oksijin a jininsa, tun daga sa'ad da ya yi barci har ya farka. Aikin ƙaba kuma gajere ne, yawanci bai kai awa ɗaya ba. In kin shiga intanet za ki ci karo da gargaɗin da hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta fitar a 2016 game da ƙwaƙwalwar yara 'yan ƙasa da shekara 3. Kada ya firgita ki, magana ce a kan barcin da ya wuce awa 3 ko wanda ake ta maimaitawa. A 2019 mujallar likitoci ta Lancet ta buga sakamakon wani bincike da aka yi a kan jarirai 722 a ƙasashe 7, dukkansu aikin ƙaba aka yi musu. An bi su har suka cika shekara 5, ba a ga bambancin basira tsakanin waɗanda aka sa barci na kusan awa ɗaya da waɗanda aka kashe wa ƙasan jiki kawai ba.

Abin da na gani da idona shi ne, matsala ta fi zuwa daga ɓangarenmu mu masu jinya, ta hanya biyu: abin da muka saka wa yaro a baki don tausayi, da abin da muka ɓoye wa likita don kada a ɗaga ranar.

Maganar hana abinci ba mugunta ba ce. Idan mutum ya yi barcin tiyata, tari da haɗiya da duk abin da ke kare maƙogwaronsa sun tsaya. In akwai abinci a ciki, yana iya tasowa ya gangara cikin huhu, kuma cokali kaɗan na kunu a huhun yaro ɗan shekara biyu ba ƙaramin abu ba ne. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce awa 6 ba abinci ba madara, awa 4 ba nonon uwa, awa 2 ba ruwa. Wasu asibitoci yanzu suna barin yaro ya sha ruwa har saura awa ɗaya, wasu kuma su ce daga sha biyun dare kada a ba shi komai. Ki bi abin da naku suka ce, ki roƙi nas ta rubuta miki lokutan a takarda. Inda mutanenmu suke ruɗewa shi ne me ake nufi da ruwa. Kunu abinci ne. Koko abinci ne, komai tsinkewarsa. Fura, yogot, shayi da madara, lemon da aka matse da ɓargonsa, duk abinci ne. Ruwa shi ne wanda za ki ɗaga kofin gilashi ki hango yatsunki ta cikinsa, ko da an ɗan sa sukari.

In an ce ƙarfe takwas na safe za a shiga da shi, ki ba shi abincin dare mai riƙe ciki amma ba mai maiƙo sosai ba, don nama da soye-soye sun fi daɗewa a ciki. Ki tashe shi wajen ƙarfe ɗaya na dare ya sha kunu in zai sha, kafin ƙarfe biyu a rufe. Da asuba, in sun yarda, ya sha ruwa kafin ƙarfe shida. Wannan ruwan asubar yana rage kuka ƙwarai, kada ki hana shi don kina ganin ƙarin taka-tsantsan ne.

Sannan ki tsare shi kamar yadda kaza take tsare 'yan tsakinta, domin ba ke kaɗai ce mai tausayinsa ba. A gadon da ke kusa da namu akwai wani yaro da aka shirya tsaf, an sa masa rigar tiyata, uwar ta fita biyan kuɗi. Kakarsa ta ga yana kuka yana miƙa hannu, ta kwance bakin zaninta ta ciro ƙosai guda ɗaya, ta gutsura masa. Da nas ta zo ɗaukarsa sai ta ga mai a leɓensa. Tsohuwar ta rantse ta maya cewa ɗan mitsitsi ne, bai kai a kira shi abinci ba. Aka fasa aikin ranar, mutanen da suka taso tun daga ƙauye da kuɗin mota na rance. Gara ma da nas ɗin ta gani. Ki kwashe duk wani abin ci daga inda hannunsa zai kai, ki duba aljihun yayyensa, kada kowa ya karya a gabansa. In kuma ƙaddara ta sa ya ci wani abu, ko alawa ce, ki faɗa. Kunya ta minti biyar ce.

Asibitocinmu kin san su, a ce takwas a shiga azahar. Ƙaramin yaro ba ya jure dogon azumi, sukarin jininsa yana iya sauka, ya yi laushi. Tun ranar da za ku ga likita ki roƙa a sa shi a farkon layi, dama ƙa'ida ce a fara da ƙanana. In kin ga rana ta take ba a kira ku ba, ki je ki tambaya da ladabi: za a ba shi ruwa ne ko za a sa masa ƙarin ruwa? Kada ki yanke hukunci ke kaɗai, kada kuma ki yi shiru.

Sai ganawa da likitan barci. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Abu na farko mura da tari da zazzaɓi, musamman yanzu da yara ba sa rabuwa da majina. Idan hanyar numfashin yaro ta kumbura saboda mura, ƙaramin abu yana sa maƙogwaro ya shaƙe lokacin barci ko lokacin farkawa. 'Yar majina mai ruwa-ruwa ba zazzaɓi sau da yawa ana yin aiki a haka, amma tari mai kauri ko huci ko zafin jiki yakan sa a ɗaga zuwa wasu makonni. Su za su auna su yanke. Abin da bai kamata ba shi ne a ɗura wa yaro farasitamol da safe don zafin ya ɓuya. Ki gaya musu in yana minshari ko numfashinsa yana tsayawa cikin barci, in yana da asma, in yana suma ko farfaɗiya, in bakwaini ne, in wani magani ko abinci ya taɓa sa masa ƙuraje ko kumburi. Ki tambayi dangin babansa da naki ko an taɓa samun wanda aka sa barci ya yi zazzaɓi mai tsanani ko ya daɗe bai farka ba, domin akwai irin wannan da ake gado. Ga aikin da ya dace da surukarki nan, ita ta san tarihin gidan fiye da kowa, kuma in aka nemi saninta sai ta ji ana yi da ita.

Maganin gargajiya ma ki faɗa, jiƙo ne ko na basir ko na haƙori ko na shawara. Ba za a kama ki ba. Mafi kyau a dakatar da su tun yanzu. A makon nan kuma ki rage masa hayaƙi: turaren wuta, maganin sauro na ƙonawa, hayaƙin murhu, da sigari in akwai mai sha a gidan. Mu mata ba ma son a taɓa mana maganar turare, amma ɗakin da yake kwana ya huta na 'yan kwanaki.

Za su auna yawan jininsa, ki tabbata an san rukunin jininsa na sikila. In AA ne ko AS yawanci ba wani shiri na daban. In SS ne ko SC, lamarin ya canza: 'yar ƙanwata sai da aka kwantar da ita tun jajibiri, aka sa mata ruwa don kada jikinta ya bushe lokacin azumin, aka tanadi jini, aka yi ta lulluɓe ta don sanyi da ƙarancin ruwa suna tayar da ciwon. Takardar amincewa kuma a san wanda zai sa hannu. In maigida ne, ya kasance yana wurin da sassafe ko ya sa tun jajibiri, na ga an zauna ana jiran uba yana kasuwa wayarsa a kashe.

Shi yaron fa? Ɗan shekara biyu bai san mako mai zuwa ba, in kin fara gaya masa yanzu tsoro kawai za ki tara masa. Jajibiri ko safiyar ranar ya isa, da magana biyu uku: za mu je wurin likita, za ka yi barci, in ka tashi Mama tana nan. Kada ki ce masa yawo za a je ko gidan kaka. Daga yau kuma a daina yi masa barazanar nan da muka saba, wai in bai yi shiru ba za a kai shi a yi masa allura. Abin da ya taimaka mini shi ne wasa. Sau da yawa da iska ake fara sa yara barci, a ɗora musu wata roba a hanci da baki, sai sun yi barci a nemi jijiya. Na samu ƙaramin kofin roba, in kifa a fuskata in hura da ƙarfi, in yi kamar barci ya kwashe ni har da minshari, shi kuma ya yi ta ƙyalƙyala dariya yana cewa saura shi. Mu yi wa 'yar tsana, mu yi wa Baba. Ki tambaya wace hanya za su bi, don wasu da kanula suke farawa, wato 'yar robar da ake sawa a jijiya. In haka ne, ki ji ko suna da man da ake shafawa ya kashe zafin fata, ko ruwan maganin da ake ba yaro ya natsu kafin a raba shi da uwa.

Ki yi masa wanka, riga mai buɗewa ta gaba, ki cire guru da laya da duk abin da ke da ƙarfe. Masu 'ya'ya mata su bar baƙin lalle a yatsu, yana iya hana na'urar da ake maƙalawa a yatsa karanta iskar jini daidai. Ki riƙo zanin goyonsa, ƙamshinki da ke jiki ya fi kowane abin wasa.

Wurin rabuwa shi ne mai wuya. Yawancin asibitocinmu a bakin ƙofa ake karɓar yaro. Zai yi kuka, zai maƙale miki. Ki yi masa addu'arki tun kuna zaune, in an zo ki miƙa shi da sakin fuska ki juya. Kukanki ki ajiye sai ƙofa ta rufe, domin fuskarki yake karantawa. In sun bar ki kin shiga, ki sani zai ɗan yi fisge-fisge, idanunsa su juye, jikinsa ya saki lokaci guda. Haka abin yake, ba wani abu ne ya faru ba.

Farkawar ma ba irin ta barcin gida ba ce. Nawa ya tashi yana ihu yana banƙarewa, idonsa a buɗe amma bai gane ni ba, yana ture ni yana kiran Mama. Wata dattijuwa a gefe har ta fara maganar iska. Saurar magani ce, cikin minti 20 zuwa 30 yawanci take wucewa. Ki rungume shi, ki kare kanular da wurin ɗinkin, ki rage masu leƙe. In maganin barcin da ake kira ketamin aka yi amfani da shi za ki ga yawu yana dalala, idanu suna rawa. In an yi masa allurar kashe zafi a ƙasan baya, ƙafafunsa za su yi nauyi na 'yan awoyi, kada a tsayar da shi. Ɗan amai da dusashewar murya duk ana gani. A kwantar da shi ta gefe, kuma kada kowa ya ɗura masa komai yana magagi, ko zamzam ne ko ruwan addu'a. A shafa masa a kai, shan ya jira sai nas ta ba da izini, a fara da kurɓin ruwa.

In an sallame ku a ranar, ku samu mota ko Keke, ba babur ba, kuma idonki a kan wuyansa kada ya lanƙwashe. Farasitamol gwargwadon nauyinsa kamar yadda aka rubuta, ki duba kada ki haɗa da maganin mura mai farasitamol a ciki. Ba asfirin, ba kodin, ba taramol, ko wa ya kawo. Ki koma asibiti ko tsakar dare ne in numfashinsa yana ƙara ko yana ja da ƙyar, in leɓensa ya canza launi, in kin kasa tashinsa, in amai ya ƙi tsayawa, in zazzaɓi ya rufe shi, in jini yana jiƙa bandeji, ko ya wuni bai yi fitsari ba.

Wani zai ce miki a bar shi ya ƙara girma. Wannan maganar ƙabar cibiya ce, ita ce take rufewa da kanta a yawancin yara. Ta matsematsi ba ta rufewa, kuma hanji yana iya maƙalewa a ciki. Tsakanin yau da ranar aikin, in kin ga kumburin ya yi tauri ya ƙi komawa, yana kuka ba ƙaƙƙautawa ko yana amai, kada ki jira ranar da aka ba ku, kada kuma a tsaya gashi ko dannawa. Ku wuce ɓangaren gaggawa kai tsaye, kada ki ba shi komai a hanya, kuma ki riƙe lokacin da ya ci abinci na ƙarshe don shi za su fara tambayarki.