Hukuncin Musulmi ya je kallon haikalin Angkor Wat

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina karatu a Malesiya, 'yan ajinmu sun shirya zuwa Kambodiya a hutu don ganin Angkor Wat. An ce mini wurin cike yake da gumaka. Ya halatta in bi su, ko in haƙura?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba da ilimi mai amfani, ɗana.

Ba a yanke hukunci kan abu sai an san shi. Sarkin Khmer (mutanen Kambodiya) Suryavarman na biyu, wanda ya hau mulki a 1113, shi ya gina Angkor Wat don bautar Bishnu, ɗaya daga cikin abubuwan bautar Hindu, daga baya wurin ya koma hannun mabiya Buda. Filinsa ya haura hekta 160, an kewaye shi da ruwan da aka haƙa wa hanya mai faɗin mita 190. Hasumiyoyinsa biyar suna kwaikwayon dutsen Meru, inda a aƙidarsu alloli suke zaune, ta tsakiyar tana kai mita 65. Duwatsun ginin daga tsaunin Kulen aka ɗauko su, tafiyar kusan kilomita 40, a zamanin da babu mota babu inji. Daular ta yi rauni, mutanen Ayuttaya, wata masarauta a ƙasar Thailand ta yau, suka auka wa Angkor, babban birnin daular, a 1431, fada ta koma kudu, daji ya cinye mafi yawan gine-ginen. Sai dai shi Angkor Wat ba a taɓa barinsa gaba ɗaya ba. Har yau akwai masu bautar Buda a ciki, ana kunna turare gaban gumaka. Wato kango ne ta wani ɓangaren, wurin bauta mai rai ta wani ɓangaren, kuma hukuncin ya rataya a kan wannan.

Game da kangon, Allah ya ce a yi tafiya a bayan ƙasa a ga yadda ƙarshen mutanen farko ya kasance, mafi yawansu mushirikai ne, kamar yadda ya zo a Suratur Rum aya ta 42. A aya ta 9 kuwa ya siffanta su da cewa sun fi ƙarfi, sun nome ƙasa sun raya ta. Wanda ya tsaya bakin tafkin da Khmer suka haƙa a yammacin birnin, mai tsawon kusan kilomita 8, zai ga wannan siffa da idonsa.

Masu hanawa suna kafa hujja da hadisin Ibn Umar da Buhari da Muslim suka ruwaito: da Annabi (SAW) ya biyo ta Hijr, garin Samudawa, a hanyar Tabuka, ya ce kada a shiga wurin waɗannan da aka yi wa azaba sai ana kuka. Hujja ce mai ƙarfi, amma a lura da abu biyu. Hadisin bai rufe ƙofa ba, sharaɗi ya gindaya. Sannan Samudawa nassi ne ya tabbatar da azabarsu, Angkor kuwa ba mu da nassi a kansa, ba kuma za mu ƙaga ba. Abin da za a ɗauka daga hadisin shi ne ladabi: ba a shiga irin wurin da shewa da ƙyalƙyala dariya.

Ɓangaren bauta shi ya fi wuya, malamai sun saɓa kan shiga wuraren ibadar waɗanda ba Musulmi ba. Sayyidina Umar ya ce ba ma shiga majami'unku saboda mutum-mutumin da ke ciki. Annabi (SAW) ranar buɗe Makka bai shiga Ka'aba ba sai da aka fitar da gumaka. Hanafiyya sun karhanta, Hanbaliyya sun sauƙaƙa, Imam Malik ya ƙi a yi salla a majami'a. Amma kuma a Umrar ramuwa, shekara ta 7 bayan hijira, Annabi (SAW) ya yi ɗawafi alhali gumaka na kewaye da Ɗakin. Wannan ya nuna mini ganin gunki kaɗai ba shi ne haramun ba, haramun shi ne girmama shi ko halartar bautarsa. Suratul Furƙan aya ta 72 ta yabi waɗanda ba sa halartar ƙarya.

Don haka fatawata ita ce ka je, idan kallon tarihi da ɗaukar darasi ne ya kai ka, ba neman albarka ba. Ka zaga farfajiya da barandu, ka duba sassaƙar yaƙe-yaƙen da ke jikin bango. Inda ka ga an yafa wa gunki ƙyalle ruwan lemo, turare na tashi, mutane sun durƙusa, ka wuce abinka ba tare da izgili ba, domin Suratul An'am aya ta 108 ta hana zagin abin bautarsu. Kada ka haɗa tafuka ka sunkuya wa gunki ko da don hoto ne, kada ka saka kuɗi a akwatin haikali. Za ka tarar da limamansu zaune suna ɗaura wa baƙi jan zare a wuyan hannu, suna yayyafa ruwa wai don sa'a. 'Yan yawon buɗe ido na ɗaukarsa wasa, a wurinmu laya ce ta shirka, ka ce na gode ka janye hannunka. Ƙananan gumakan da ake tallarsu a bakin ƙofa ma ba tsarabar Musulmi ba ce. Kuɗin tikiti kuwa babu laifi, na shiga wurin tarihi ne.

Ka kauce wa tsakiyar Afrilu, lokacin sabuwar shekarar Khmer, da sauran ranakun bikinsu na addini. Salla kuma kada ka yi ta a cikin haikalin. Garin Siem Reap na nan kusa, akwai Musulmi 'yan ƙabilar Cam, da masallaci, da wuraren abincin halal. Kai matafiyi ne, kana iya haɗa Azahar da La'asar in ka fito.

Idan ka san zuciyarka mai saurin ruɗuwa ce, ko abokan tafiyar za su matsa maka ka yi abin da suke yi, to ka zauna.

Wallahu a'alam.